Guɗar da Na Yi wa Baƙi a Filin Ƙwallon Sanda

Ba zan tsaya ba ku labarin yadda na bar Fulatan ba, da waɗanda suka raka ni tasha, da waɗanda suka yi kuka. Wannan kowa ya san irinsa. Abin da nake so ku riƙe kafin mu kama hanya shi ne ko ni wace ce. Ni ce Tabawa, haifaffiyar Karaye, aure ya kai ni Fulatan, a ƙasar Rogo. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Amma a zamanina, daga Karaye har Falgore, ba a kai amarya ɗaki a ce biki ya yi armashi in ba ni na rangaɗa guɗa ba. Ku tambayi tsofaffi, in akwai sauransu.

Ɗana na fari ba na faɗin sunansa, kamar yadda muka tarar iyayenmu suna yi. Mai Sunan Malam nake ce masa. Shi ne ya tafi Amurka karatun likitan dabbobi, ya ɗauki matarsa Rakiya. Yana can ciwon bushiya ya share garkunan ƙasarmu, har namu ya koma turaka babu shanu. Mahaifinsa bai daɗe a bayan shanun ba. Daga nan idon Fulatan gaba ɗaya ya koma kan yaron nan. Ko rijiya na je, sai a ce, "Inna Tabawa, yaushe Likita zai dawo?" Ni kuwa in ɗaga kai in ce, "Sai ya gama."

Shekara biyu bayan bushiya wasiƙarsa ta zo da tikitin jirgi a ciki. Rakiya ta yi nauyi, kuma babu babba a kusa da zai yi mata wankan jego.

Zangona na farko shi ne Landan, inda ake sauya jirgi. Ginin nan ya fi kasuwar Karaye sau ban san adadi ba, kowa yana sauri kamar an ce gobara ta tashi. Ina tsaye da jakata, da takardar da yaron ya ce in rataya a wuya, sai na ji an ce, "Sannu da hanya, Hajiya." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Wani mutum ne da babbar riga da hula ƙube, Hausa a bakinsa tas. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi damina, har ya ce kakarsa 'yar Rogo ce.

Ya ce, "Hajiya, an auna miki jakar nan kuwa? Nan ba Kano ba ne, in ba a auna ba ƙwacewa suke yi. Zauna nan, kada ki wahala, yanzu zan dawo."

Na zauna. Har yau bai dawo ba.

A cikin jakar akwai kanwa, da garin gero, da yajin jego da na daka da hannuna, da daddawa, da kuka, da sabulun salo. Ina jin ya zaci gwal na ƙunso. Nakan ɗan ji sanyi in na tuna yadda fuskarsa za ta yi da ya buɗe daddawa ta gaishe shi. Amma a ranar ban yi dariya ba. Na je wa mai jego hannu rabbana, ni Tabawa.

La'asar ta yi, ko abin da nake zaton la'asar ce, don ba a ganin rana a wurin. Ina ta juyi ina neman gabas, sai wata mai shara ta ajiye tsintsiyarta. Ba Bahaushiya ba ce, ba baƙa ba ce, amma da ɗan mayafi a kanta. Ta ce, "Salat?" Na ce, "Salla." Iyakar hirarmu ke nan. Ta ja ni wani lungu, ta ciko min kofi da ruwa, ta yage kwali ta shimfiɗa, ta juya kafaɗuna zuwa alƙibla. Da na idar ta karanta takardar wuyana, ta riƙe hannuna har ƙofar jirgi. Ban san sunanta ba. Kullum tana cikin addu'ata.

Zango na biyu shi ne gidan yaron. Wai gida. Ɗaki biyu ne a saman bene, babu tsakar gida, babu murhu, babu inda za ka zubar da ruwa. Kwanana uku Rakiya ta sauka, aka sami mace.

To, ga jego, ga babu itace. Yaron ya nuna min famfo ya ce ruwan zafi na fitowa da kansa. Na taɓa na ce, "Wannan ruwan wankan jariri ne. Mai jego sai ruwan da ya tafasa ya yi magana." Na jera duk tukwanen gidan a kan risho. Tururi ya turnuƙe ɗakin, sai wani abu a jikin rufi ya fasa ihu kamar an taka jelar kare. Na ɗauki jaririya na yi waje babu takalmi. A bakin ƙofa na ci karo da maƙwabciyarmu, wata tsohuwa baƙa mai jiki, Lusi. Ta shiga ta kashe abin da sandar tsintsiya, ta dubi tukwane, ta dubi Rakiya, ta dube ni, sai ta riƙe ciki tana dariya. Na ɗaure fuska. Ba ta jima ba ta dawo da wata tukunya da za ta ci tuwon suna. Na kwatanta mata ganye da hannu, washegari ta karyo min rassa a bayan gida. Ba darbejiya ba ce, ba tsamiya ba, amma ta riƙe zafi. Har wani farin gari ta ba ni mai ɗanɗanon kanwa, na dama kunu da garin masara. Rakiya ta kurɓa ta ce, "Inna, ya yi kama." Na ce, "Kama dai."

Kwana arba'in ina wannan ɗakin. Babu carar zakara, babu kiran salla, babu mai sallama. In na gaida mutum a matattakala sai ya ɗan motsa leɓe ya wuce, kamar gaisuwa tsada take. Da rana nakan tsaya a taga in yi ta kiran sunayen matan unguwarmu a zuci, gida gida, don kada in manta yadda suke jere.

Abu ɗaya ya tsaya min. Yaron in ya fita, wasu ranaku sai ya dawo yana ƙanshin soyayyiyar gyaɗa. Ni da na girma a gonar gyaɗa ba za a ɓoye min wannan ba. Na ce wa Rakiya, "Ke, likitan dabbobi yake koyo ko ƙuli-ƙuli?"

Ta leƙa ƙofa tukuna, ta rage murya. Ta ce kuɗin karatun da ake aiko masa sun daina zuwa tun bara. Shi ne ya sami aiki a filin wasa, yana yawo da tire cikin 'yan kallo yana sayar da gyaɗa. Da wannan suke ci, da shi ya sayo min tikiti. Amma takardar zamansa ta karatu ce kawai, ba a yarda ya yi aiki ba. In hukuma ta sani, korarsa za a yi.

Ta ce, "Wata huɗu ya rage masa ya karɓi takardar gamawa. Don Allah Inna, kada ki faɗa wa kowa."

Na ce, "Wa zan faɗa wa? Bango?"

Zango na uku shi ne filin. Da aka yi arba'in yaron ya ce, "Inna, kin sha kulle. Ranar Lahadi ki zo ki sha iska, ki ga wasan mutanen nan." Lusi ce ta raka ni. Na ɗaura atamfata mai ruwan goro, na kafa ɗaurin ɗankwali, na yafa gyale.

Ban taɓa ganin mutane a wuri ɗaya haka ba, ko a idi. An jera su hawa hawa, kowa da shuɗiyar hula. Ƙasa kuwa ɓawon gyaɗa ne ko'ina, ana takawa yana ƙaras ƙaras, sai na ji kamar ina masussuka a Fulatan. Yaron ya zo da tirensa rataye a wuya, ya durƙusa gefena yana yi min bayani da sauri. Ɗaya zai jefo ƙwallo, ƙarama ce kamar goruba, tauri ma haka. Ɗaya yana jira da sanda kamar 'yar taɓarya. In ya make ta sai ya zuba da gudu ya zaga tasha tasha, in ya dawo inda ya tashi an sha, kamar a langa.

Ya ce, "Masu shuɗi su ne 'yan gari. Masu ja baƙi ne, daga nesa suka zo. Ke dai ki zauna ki sha kallo, Inna."

Na ce, "Da rawa ka ga zan yi?"

Ya yi dariya ya haura sama yana kiran gyaɗa da Turanci.

Layi biyu a ƙasanmu akwai wasu mutane da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, masu jajayen huluna. Magoya bayan baƙin ne, sun biyo 'yan wasansu. Babbansu wani tsoho ne siriri mai farin gashi, da matarsa a gefe. In ɗan wasansu ya fito sai filin duka ya ɗauki wani kuka, buu, kamar garke ya ga kura. Tsohon ya miƙe shi kaɗai yana tafi. Sai a dinga jifan hularsa da ɓawon gyaɗa. Matar ta kakkaɓe masa kafaɗa, ta ja shi ya zauna. An jima ya sake miƙewa.

Nan raina ya fara ɓaci, kuma sai na gaya muku dalili. Gidanmu a Karaye shi ne masaukin 'yan kokawa. In kaka ta yi, 'yan Falgore suka zo, babana yakan kira ni tun ina budurwa ya ce, "Tabawa, koma ɓangaren baƙi." Ranar farko na ce, "Baba, namu fa?" Ya ce, "Namu iyayensu mata na nan. Wanda ya tako ƙafa ya zo garinku, in ya yi kaye aka yi shiru, ba ɗan kokawarku ne ya faɗi ba, garin ne ya faɗi." Shekara da shekaru ni ce mai yi wa baƙi guɗa, har a kan yayyena. Ba wanda ya taɓa hararata. Har goro ake ba ni.

To ina zaune ina duba filin nan, ina neman wadda aka ajiye wa baƙi. Na duba gabas, na duba yamma. Na ce a raina, gari guda babu mai tarbiyya ko ɗaya?

Can wani dogo cikin masu ja ya riƙe sanda. Aka jefo, ya make ta, ƙau! Ƙwallo ta tashi, ta tashi, ta haye katanga ta bar filin. Wurin ya yi tsit kamar an shiga maƙabarta. Yaron mutane yana zagawa a hankali, babu abin da ake ji sai tafin tsohon nan, taf, taf, taf.

An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemo ka ɗaura. Na san wannan magana tun ban yi haƙori ba. Amma ban san lokacin da na miƙe ba. Lusi ta kama bakin zanena, na fizge. Na kama hanci na rangaɗa. Ba ta wasa ba, irin wadda ake ji daga Fulatan har bakin rafi. Na yi ɗaya, na ja numfashi na yi ta biyu, na cika ta uku. Na ji muryata ta bugi ɗaya gefen filin ta dawo min. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Ban taɓa yin guɗa mai kyanta ba.

Fuskoki suka juyo, hawa hawa. Tsohon ya waiwayo, ya cire hularsa ya ɗora a ƙirji.

Sai na ji sanyi a kaina. Wani ƙato ne a bayana, fuskarsa ja wur, ya juye min kofin giya. Kafin in share ido ya fizge gyalen da ɗankwalin gaba ɗaya, ya ɗaga sama yana kaɗawa yana kwaikwayon guɗata, abokansa na dariya. Tun da aka kai ni ɗakin miji namiji bai ga kaina a buɗe ba. Ran nan gari guda ya ga furfurata.

Ban ga ta inda yaron ya ɓullo ba. Na dai ga gyaɗa ta watse sama, na gan shi yana tsallake kujeru. Yaron da ko akuya bai taɓa duka ba. Naushi ɗaya ya yi, ƙaton ya zube tsakanin kujeru, jini na zuba ta hanci. Wuri ya kaure. 'Yan sanda suka zo, suka danne shi a kan ɓawon gyaɗa, suka murɗe hannuwansa baya suka sa ankwa.

A nan na kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, a gaban duniya. Ba zan maimaita shi a nan ba. Kuncinsa na manne da ƙasa, ya juyo ido ya dube ni. Ba tsoro na gani a idon ba, mamaki ne, kamar yaron da aka tasa daga barci. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa jin sunan a bakina ba.

Matar tsohon ce ta cire rigar sanyinta ta rufa min a ka. Mutanen nan 'yan kaɗan masu jajayen huluna suka kewaye ni da Lusi, suka fitar da mu, ana jifansu suna tarewa da bayansu.

Zango na huɗu ofishin 'yan sanda ne, daga nan kotu. Tsohon bai bi motar 'yan garinsu ba, ya bar ta ta tafi. Ya zauna a benci kusa da ni har aka ba da belin yaron, ranar shari'a kuma ya sake dawowa daga garinsu. Ya tsaya gaban alƙali ya yi magana mai tsawo, yana nuna kaina, yana nuna ƙaton. Rakiya ce take fassara min a kunne. Saboda shaidarsa alƙali ya ce maganar duka ta mutu. Na ce alhamdu lillahi, har na fara gyara gyale.

Ashe a takardar 'yan sanda an rubuta cewa ma'aikacin filin ne, an kama shi da rigar aiki. Takardar ta wuce ofishin shige da fice. Bayan mako biyu wasiƙa ta zo, wai ya bar ƙasar. Ya karanta a tsaye, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya yi ta zirga-zirga, makaranta, lauya, makaranta. Wani malaminsa ma ya rubuta masa roƙo. Ran nan ya shigo da la'asar ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ya ce, "Inna, sai mu fara haɗa kaya."

Saura wata uku.

Ga wurin da nake so ku saurara da kyau. Kalma ɗaya ta kamace ni a lokacin, in ce ya yafe min. Amma da na buɗe baki sai na ji na ce, "Ni dai ban yi abin kunya ba. A garinmu haka ake yi wa baƙo."

Ya kalli tafin hannunsa. Ya ce, "Haka ne, Inna."

Zango na ƙarshe gida ne, kuma ya fi sauran tsawo. Da muka sauka Fulatan mutane suka fito ana "Likita ya dawo!" Aka yanka rago. Ba a yi wata ba magana ta fita cewa babu takarda. Duk inda ya nemi aiki sai a ce ina shaida. Ya ƙare yana bin masu allurar shanu ranar kasuwar Karaye, shi ke kayar da sa ya danne wuya, wani yaro da bai kai shi sani ba ya soka allura ya sa hannu a takarda. Fulani sun gane, in saniya ta kwanta shi suke zuwa nema a gida. Amma a bakin kasuwa in aka ce "Likita", wani da girmamawa yake faɗa, wani kuwa sai ka ga ya ƙyafta wa na kusa da shi ido. Yana ji. Sai ya amsa duka biyun da murya ɗaya.

Shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya. Kullum da safe zai durƙusa a ƙofar ɗakina ya gaishe ni, in amsa ina kallon gefe. Sau nawa na ce yau zan faɗa masa. Sai in ce uwa ba ta sakin baki da ɗan fari. Ƙarya nake yi wa kaina, ba kunya ba ce, girman kai ne. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida. Ranar da na shirya maganar, na shiga na tarar ba ya gane mutane.

Har yanzu filin nan yana zuwar min a mafarki. Ƙwallo ta haye katanga, an yi tsit, ina tsaye hannuna a hanci. Sai fuskokin su juyo, in ga ba Turawa ba ne, mutanen Fulatan ne hawa hawa, har da waɗanda suka mutu, suna jira su ji abin da zan yi.

Rakiya na cikin takaba muna zaune a tsakar gida tana tsince wake, sai ta ce min akwai abin da ya hana ta faɗa yana raye. Duk shekara in an gama girbi yakan hau mota ya je Kano ya aika wa makarantar wasiƙa, yana roƙon a bar shi ya zo ya ƙarasa wata ukun nan, ko a aiko masa jarrabawar nan. Shekara uku na farko sun amsa, suna ba da haƙuri. Daga nan ba su ƙara ba. Shi kuwa bai fasa ba, har kakar da ta wuce. Ni yakan ce min maganin shanu ya je saye.

Na ce, "Me ya sa ya ɓoye min?"

Ta ce, "Ya ce kada ranki ya ɓaci."

Kaji suna tsattsagar waken da ta zubar. Sannan na yi tambayar da ban iya yi masa ba.

"Rakiya, tsakaninki da Allah. Ya taɓa ce miki ni na jawo masa?"

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ba ta ɗago ba. Ta ɗauki wani wake ta juya shi, ta juya shi, lafiyayye ne babu ƙwaro, ta jefa wa kaji.

Ta ce, "Inna, tashi ki yi alwala, ruwanki zai huce."